Ranar da Mma Barakatu Ta Janye Maganarta

Duk wanda ya shiga rumfar 'yan goro da ke bayan kasuwar Kejetia a Kumasi da hantsi zai ga wata tsohuwa zaune a kan ɗan benci, ƙafafu a miƙe, kwando a dama kwando a hagu. Ita ce Mma Barakatu, kuma aikinta zaɓen goro. Ba ta saye, ba ta sayarwa. 'Yan kasuwa ke kawo mata buhuna daga ƙauyukan Asante, ita kuma ta raba fari da ja, manya da ƙanana, ta fitar da wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran, sannan ta jera mai kyau cikin ɗanyen ganye. Ba ta cika kallon goron ba. Tana hira, tana amsa gaisuwa, sai ka ga ta wurga ƙwaya ɗaya gefe. In ka ɗauka ka fasa, tsutsa za ka tarar a ciki.

Shekarunta sun haura saba'in. A unguwar Zongo aka haife ta, a gidan mahaifinta Alhaji Sanni mai masauki, inda fataken goro daga Kano da Sakkwato da Yamai da Bunduku ke sauka su yi wata biyu ko uku kafin kayansu su haɗu. Ta tashi tana kai wa baƙi ruwan alwala, tana jin Hausa iri-iri a tsakar gida ɗaya. Dokar gidan biyu ce, kuma ba wanda ya taɓa rubuta ta: ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa, kuma baƙo ba ya fita neman abinci a waje. Ta yi aure a Atonsu, ta haifi huɗu, mijin ya rasu, ta dawo gida. Lokacin fatake sun daina zuwa, an ba da ɗakunan haya. Ɗaya kawai ta hana, na kusa da zaure. Ta ce gidan Alhaji Sanni ba zai rasa inda baƙo zai sa haƙarƙarinsa ba muddin tana numfashi.

Mutanen unguwa sun san ta da kaifin baki da tsayawa kan magana. Sun ce sau ɗaya tak aka taɓa jin ta janye abin da ta faɗa, a gaban jama'a kuwa, har da dangwala yatsa.

Abin ya faro ne a watan Maris na shekarar 2011, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya yi tsanani a Kwaddibuwa, mutane na ta tsallakowa Gana. Wata rana wata mata ta sauko daga motar ayaba a Kejetia, ba jaka, ba takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar mutane da wata irin Hausa mai gauraye da Faransanci. Aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan har ta iso rumfar goro.

“Gidan Alhaji Sanni mai masauki nake nema,” in ji ta.

Mma Barakatu ta dube ta daga sama har ƙasa. “Alhaji Sanni ya shekara ashirin da biyu a ƙasa. Ke 'yar wa ce?”

“Sunana Azumi. 'Yar Malam Fadil ce ni, na Bunduku. Kafin ya rasu yakan ce mana in wani abu ya taɓa kai mu Kumasi, mu nemi gidan.”

“Fadil dogo? Mai cewa kokonmu ya cika tsami? Ei! Kullum sai ya sha kwano biyu yana ƙorafi.”

Matar ta yi dariya, dariyar kuma ba ta ƙare ba ta koma kuka. Mma Barakatu ta rufe kwandunanta, ta kama hannunta suka nufi gida. Ba ta tambaye ta komai ba sai da ta yi wanka, ta ci tuwo, ta yi barcin wuni guda.

Ga abin da Azumi ta faɗa da ta tashi. A Abijan aka aurar da ita, unguwar Abobo. Mijinta ya rasu tun kafin rikici, ya bar ta da 'ya ɗaya, Laila, mai shekara shida. Ranar da harbi ya rufe unguwarsu tana kasuwa, yarinyar na gidan maƙwabta. Da ta samu ta koma bayan kwana biyu, layin nasu ya ƙone, da ɗakinta da takardunta duka. Wani ya ce mata ya ga maƙwabtan sun shiga mota sun nufi Gana da yara. Ta bi su. Ta duba a boda, ta duba a tashoshi, ba su ba labarinsu.

“Za a same ta,” in ji Mma Barakatu. “Ba a ɓata a hannun 'yan zango.”

Ta kuwa yi imani da haka, kuma tana da dalili. Tun tana yarinya ta ga an nemo mutumin da ya shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba, ta hanyar faɗa wa direba ɗaya da liman ɗaya. Don haka ta tashi tsaye. Ta sa aka yi cigiya a masallatan Juma'a. Ta bi direbobin goro da na shanu ɗaya bayan ɗaya, ta kwatanta musu yarinyar: baƙa, siririya, da tabon ƙunar gawayi a ƙafar hagu. Saƙo ya tafi zangon Techiman, ya tafi Wenchi, da Sampa, da Sunyani, da Takoradi. Duk wanda zai yi yamma sai ya biyo ta rumfa ya karɓi goro biyu da sunan Laila.

Bayan wata biyu wata ƙungiyar agaji ta zo yin rajistar waɗanda suka gudo suka sauka a gidajen mutane. A filin wata makaranta suka kafa tebur. Mma Barakatu ta bi ta wurin a hanyarta ta kasuwa, ta tsaya ta kalla. Mata da maza a layi cikin rana, kowa da lamba a hannu. In an zo kanka a ba ka allo ka riƙe a ƙirji a ɗauki hotonka, sannan a auna maka shinkafa yara na leƙe ta katanga. Ta ga wani dattijo mai furfura yana ɓoye fuskarsa da hula. Ta wuce, ta riga ta gama yanke hukunci.

Kwana uku bayan haka ma'aikatan suka fara bin gida-gida. Wadda ta shigo gidan Alhaji Sanni 'yar unguwa ce, Nasira, wadda ta gama jami'a ta samu aiki da ƙungiyar. Ta durƙusa ta gaida Mma Barakatu, littafi a hannunta.

“Mma, an ce akwai wadda ta zo daga Abijan a gidan nan.”

“Wa ya ce?”

“Rajista kawai za mu yi mata. Akwai shinkafa, akwai mai, akwai bargo…”

“Nasira 'yar Abdulai mai nama, ni kike kawo wa shinkafa? Wadda aka ci ranar sunanki wa ya dafa ta?”

“Ke ce, Mma. Amma ba maganar abinci kaɗai ba ce, akwai kuma…”

“Babu ɗan gudun hijira a gidan nan. Wadda kike ji ƙanwata ce, ubanmu ɗaya. Aure ya kai ta can, ta dawo gidan ubanta. Rubuta haka.”

Nasira ta ɗago kai. Ta kalli labulen ɗakin kusa da zaure, labulen bai motsa ba. A Zongo yarinya ba ta ƙaryata wadda ta goya ta. Ta sunkuyar da kai ta rubuta: ƙanwar mai gida, 'yar Gana.

Azumi na ciki, ta ji komai. Ta so ta fito, amma tana sanye da zanen matar, cikinta ɗauke da tuwon matar. Ta zauna a bakin katifa har ta ji Nasira ta yi sallama ta fita.

Daga ranar maganar ta zauna. Azumi ta koma kiran ta Yaya. Da zazzaɓi ya kwantar da ita da damina, Mma Barakatu ta kai ta asibiti, aka tambayi suna don yin kati, ta ce a rubuta Azumi Sanni. Da ta warke ta fara bin ta rumfa, ta koyi zaɓen goro, duk da ita sai ta duba da ido. 'Yan rumfa suka riƙa tsokanarsu.

“Mma, wannan ƙanwar taki ba ta yi kama da ke ba ko kaɗan. Ita tana da haƙuri.”

“Uwarta ce mai haƙuri. Ni tawa 'yar Salga ce, ba a taka ta a kwana lafiya.”

Aka yi azumi, aka yi sallar layya. Rikicin can ya lafa, aka fara jin cewa ana shirya motoci masu mai da mutane gida daga sansanoni. Direbobi na dawowa suna girgiza kai. Azumi ta daina tambayarsu da baki, sai dai ta ɗaga kai in sun shigo, ta karanta fuskarsu, ta mai da kanta kan kwando.

Sai a watan Yuni na shekarar da ta biyo baya wani direban shanu mai suna Suraj ya shigo rumfar da sauri, ko gaisuwa bai gama ba ya miƙa wa Azumi wayarsa. Ya ce motarsa ce ta lalace a kusa da boda, yana jiran makanike ya fake wa ruwan sama a barandar wani ofis. A bangon akwai allo cike da hotunan yaran da ake neman iyayensu. Ya ga sunan, ya ɗauka da waya.

Hoton bai fita sosai ba. Yarinya ce an aske mata kai, ta ƙura wa mai ɗauka ido. Azumi ba ta yi ihu ba. Ta zame daga benci ta zauna a ƙasa cikin ɓawon goro, ta riƙe wayar da hannu biyu.

Washegari suka shiga trotro, ƙaramar motar haya, zuwa ofishin ƙungiyar a wajen Oforikrom. Nasira ta karɓe su, ta duba hoton, ta shiga ciki ta jima tana buga waya. Da ta fito ta zauna kusa da su maimakon bayan tebur.

Yarinyar na raye, a wani gidan renon yara na sistocin coci a Abijan. Maƙwabtan ba su taɓa zuwa Gana ba. A hanya suka rabu da ita cikin turmutsitsi, wasu sojoji suka tsince ta suka kai ta can. Babu liman ko direban goro da hanyarsa ke bi ta wannan gida. Ta faɗi sunanta da na uwarta da unguwarsu tun ranar farko, aka shigar da ita cikin jerin yaran da ake nema wa iyaye, shekara guda ke nan.

“Duk sunan da muka rubuta a nan ana haɗa shi da wancan jerin,” in ji Nasira a hankali. “Da an rubuta Anti Azumi bara, da cikin wata ɗaya ko biyu…”

Mma Barakatu ta dubi Nasira. “Abin da kika so ki faɗa ke nan ranar.”

“Shi ne, Mma.”

“To yanzu ki rubuta ta.”

Nan ne matsalar take. Shugabar Nasira, wata mata daga Accra, ta fito da littafin bara ta buɗe. Ga shi baƙi a kan fari: ƙanwar mai gida, 'yar Gana. Takarda ɗaya da Azumi ke da ita a duniya kuma katin asibiti ne mai sunan Azumi Sanni. Yarinyar kuwa ta ce uwarta Azumi Fadil, 'yar Abobo. Matar ta yi magana da ladabi, Nasira na fassarawa. Ta ce ba ta zargin kowa, amma an sha samun masu zuwa su ce yaro nasu ne alhali ba nasu ba, kuma ba za ta miƙa sunan yarinya ga matar da littafinta ya nuna wata ce daban ba. Sai wadda ta yi maganar farko ta warware ta a rubuce, gaban shaidun da unguwa ta sani.

Suka kama hanyar gida. Mma Barakatu ta yi ta jiran Azumi ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya mai zafi. Azumi na kallon waje ta taga. Da suka sauka ma ita ta karɓi jakar Mma Barakatu ta riƙe mata kamar kullum.

Ba faɗin gaskiyar ne ya yi wa Mma Barakatu nauyi ba, don ko a ofishin ta faɗe ta. Wurin faɗin ne. Shaidun da unguwa ta sani su ne liman da mai unguwa, zauren mai unguwa kuma ba shi da ƙofa. Shekara da shekaru tana zaune a Zongo ana kawo mata rigimar aure da ta gado saboda an san ba ta faɗin abu biyu. Kuma ta san abin da za a ce: 'yar Alhaji Sanni ta tsaya gaban mutane ta ce baƙuwar gidansu ba tata ba ce. Amma da ta idar da sallar asuba ta riga ta aika wa liman.

Aka haɗu bayan azahar ranar Laraba. Kamar yadda ta zata, bakin zauren ya cika, har da matan da suka bar tukwanensu a wuta. Nasira ta zo da fom da ɗan akwatin tawada. Mai unguwa ya ce Mma ta zauna ta yi magana, ta ce a tsaye ta yi ta farko, a tsaye za ta yi wannan.

“Jama'a, kun san ni. Bara na ce wa yarinyar nan Azumi ƙanwata ce, ubanmu ɗaya. Ƙarya na yi. Alhaji Sanni bai haife ta ba. 'Yar Malam Fadil ce na Bunduku, daga Abijan ta gudo, ba ta taɓa taka Kumasi ba sai ranar da ta zo wurina. Na yi ne don kada a ce baƙon gidanmu ya bi layin abinci. Saboda wannan magana tawa 'yarta ta shekara a hannun mutane tana jira. Ba laifin Nasira, ba laifin Azumi. Ni ce.”

Can daga baya wata tsohuwa ta ce, “Ai dama mun sani, Barakatu. Alhaji Sanni bai taɓa haihuwar mai shiru ba.” Aka ɗan yi dariya. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, don duk wanda ke wurin ya ji maganar bara, kuma da shi aka tambaya haka zai faɗa.

Nasira ta karanta abin da ta rubuta. Da ta zo wurin da aka tambayi dangantaka, ta ce, “Babu.”

“Tsaya,” in ji Mma Barakatu. “Rubuta ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba. Wannan gaskiya ne. Amma babu?”

“Mma, gurbi biyu ne kawai a takardar. Akwai ko babu.”

Mma Barakatu ta juya ta kalli Azumi, wadda ke zaune a gefen tabarma da wayar da Suraj ya bar mata har yanzu a hannunta. Sannan ta miƙa babban yatsanta. Nasira ta kama shi ta danna a tawada, ta danna a takarda.

Sauran aikin ya ɗauki mako uku. Aka yi wa Azumi tambayoyi da Faransanci, ta faɗi sunan layinsu, da na malamar makarantar Laila, da tabon ƙafa. Aka buga waya can aka duba, tabon na nan. Aka ba ta allo ta riƙe a ƙirji aka ɗauki hotonta, Mma Barakatu na tsaye a gefe. Aka sa sunanta cikin motar da za ta kwashi masu komawa daga wani sansani na yamma. Ranar tafiya Mma Barakatu ta raka ta tasha, ta yi ta faɗa da kwandasta kan inda ya ajiye kayan, har motar ta tashi ba su yi wata sallamar kirki ba.

Kwana huɗu bayan haka Azumi ta bugo. Ta ga Laila. Amma yarinyar ta ɓuya bayan sistar da ke kula da ita, ta ƙi fitowa. Hausa ta zube mata, sai Faransanci. Ta ce an gaya mata uwarta na zuwa, ta jira, ta jira, ta daina jira. Sistocin sun ce kada a tilasta mata. Azumi ta samu ɗaki kusa da wurin, tana zuwa kullum da safe ta zauna a benci a tsakar gidan.

Mma Barakatu ta gyara riƙon wayar. “Azumi, shekarar nan ni na ci miki ita.”

“Yaya, ni ma ina ɗaki ina ji. Ban fito ba.”

“Ke baƙuwa ce. Da wane baki za ki fito?”

Azumi ta ce katin wayarta ya kusa ƙarewa, za ta sake bugowa.

Ta riƙa bugowa duk Juma'a. Makon farko yarinyar ta karɓi lemo daga hannunta. Wani mako ta zauna a ƙarshen bencin. Wani mako kuma ta koma ɓuya, ba wanda ya san dalili. Mma Barakatu ta daina barin wayarta a gida, ta ɗaure ta a bakin zane, abin da a da take yi wa wasu dariya a kai. 'Yan rumfa suka saba, in ta yi ƙara ranar Juma'a kowa ya rage murya.

A Juma'a ta tara Azumi ta bugo tun kafin a tafi masallaci.

“Yaya, yau ta yarda na yi mata kitso. Gashin ya fito. Tana nan zaune tsakanin ƙafafuna, rabi na yi.”

“Ta yi kuka?”

“Ta yi. Wai hannuna da zafi.”

“To ai gaskiya ta faɗa, na ga yadda kike ɗaure kwando. Sassauta mata. Ajiye wayar ki ƙarasa.”